Baƙo daga teku: Yadda ake sabar wa kifin ruwan gishiri da zaman gida

Manyan gobe, duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko yayansa kasuwar kifi ya san halin tarwaɗa. A jefa ta cikin bokiti da ɗan ruwa, a ɗaura a bayan babur, a sha rana da ita har gida, a sauke ta tana nan tana wutsil-wutsil. Abin da ya ba ta wannan juriya shi ne wata gaɓa da ke cikin kanta, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. Sabon da muka yi da tarwaɗa ya sa da yawanmu muna ɗauka cewa in dai kifi ya samu ruwa, to buƙatarsa ta biya.

Ƙananan kifayen teku masu launi-launi, irin waɗanda kuke gani a talabijin suna kai-komo tsakanin duwatsun murjani, ba su da wannan taurin rai. A ƙasashen da ke bakin teku akwai masu sha'awar kamo irinsu su ajiye a gida cikin akwatin gilashi, wanda ake kira akwariyom. Kamun ba shi da wata wahala. Wahalar tana farawa ne daga lokacin da kifi ya baro teku, domin ɗan sauyi a zafin ruwa ko a yawan gishirinsa, in ya zo farat ɗaya, ya isa ya kashe shi kafin gari ya waye. Yau za mu duba dalilin haka, da matakan da masu wannan harka suke bi har kifin ya saba da sabon gida.

Marayun teku

Bari mu fara da wani wuri da wannan aiki ya zama al'ada. A Tekun Atilantika akwai wani makeken kogi na ruwan ɗumi da ke gudana a cikin tekun kansa, ana kiran sa Galf Sitirim. Yana fitowa daga yankin Fulorida, ya bi gaɓar gabashin Amurka ya yi arewa. Ruwan da yake ɗauke da shi ya fi na dukkan kogunan duniya in an haɗa su wuri guda.

Kowace shekara wannan kogi yana kwaso ƙwai da jariran kifayen yankuna masu zafi, ya kai su can arewa, gaɓar jihohi irin su New York da Rhode Island. Daga watan Agusta zuwa farkon Oktoba, lokacin da ruwan can yake da ɗumi, sai a riƙa ganinsu a tsakanin duwatsun bakin gaɓa. Cikin waɗanda aka fi gani akwai wani ɗan kifi fari mai rawaya a gefe, wanda ake kwatanta shi da malam-buɗe-littafi, girmansa bai fi kwabo ba. Da sanyi ya kunno kai ruwan yakan yi sanyin da ba za su iya jurewa ba, kuma ba su da ƙarfin komawa inda suka fito. Shi ya sa mutanen wurin suke kiran su marayu.

Masu ninƙaya da masu sha'awar kiwon kifi sukan fita da 'yan ragoginsu su kamo waɗannan marayu kafin sanyi ya riske su. Wasu a kai su babban gidan baje kolin halittun ruwa na New England da ke birnin Boston, wanda aka buɗe a 1969, wasu kuma a kai su gidaje. Sai dai ceto daga sanyi ba ya nufin an tsira. Maraya da yawa yakan mutu a hannun wanda ya cece shi, saboda gaggawar juye shi cikin ruwan da jikinsa bai sani ba.

Ruwa ba ɗaya ba ne

A ido, ruwan bokiti da ruwan akwatin gilashi duk garau suke. A jikin kifi kuwa akwai bambanci. Ku tuna darasin osimosis a ajin bayoloji: ruwa yana ratsa siririyar fata daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya yi yawa. Shi ya sa in aka yanka albasa aka barbaɗa mata gishiri, jim kaɗan sai ta fara tsattsafo da ruwa.

Litar ruwan teku ɗaya tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Gishirin da ke cikin jinin kifin teku kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Ke nan dare da rana teku yana zuƙe ruwan jikinsa, kamar albasar nan. Don kada ya bushe alhali yana tsakiyar ruwa, sai ya riƙa shan ruwan tekun, yana fitar da rarar gishirin ta jajayen kafofin numfashinsa da ke gefen kai, yana kuma yin fitsari ɗan kaɗan. Kifin kogi akasin haka yake yi: ruwa ne ke kutsowa jikinsa, don haka kusan ba ya sha, fitsarinsa kuma da yawa.

Wannan aiki na daidaita gishiri yana buƙatar lokaci kafin ya juya. In aka ɗauko kifi daga bakin kogi inda ruwan sama ya tsinka gishiri, aka tsoma shi nan take a ruwa mai cikakken gishiri, jikinsa zai yi asarar ruwa fiye da yadda zai iya mayarwa. Masana sun lura cewa ƙarin gishiri farat ɗaya ya fi raguwarsa cutar da kifi.

Haka batun zafi. Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa kamar mu; zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa. Sai kuma tsamin ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Na teku yana wajen 8.1, kuma da wuya ya motsa sosai. Kifin da ya tashi a irin wannan ruwa mai hali ɗaya bai san canjin dare ɗaya ba.

A gyara gida kafin baƙo ya iso

Mai hankali ba ya zuwa kamun kifi sai akwatinsa ya yi makonni huɗu zuwa shida yana aiki. Ga dalili. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya. A teku, yawan ruwa yana tafiya da ita. A akwati kuwa taruwa take yi. Abin da ke kawar da ita shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya ta zama naitirayit, wanda shi ma guba ne. Wani rukunin ya mayar da naitirayit ya zama naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma ana rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan lokaci-lokaci. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawaita a kwana ɗaya. Sai awo ya nuna amoniya da naitirayit sun koma sifiri sannan a ce gida ya gyaru.

Gishirin girki ba ya mayar da ruwan famfo ya zama ruwan teku. Kimanin kashi 85 cikin 100 na gishirin teku ne kawai irin wanda muke miya da shi. Sauran ya ƙunshi sinadarai irin su maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam, kuma halittun teku ba sa rayuwa ba tare da su ba. Don haka ko dai a ɗebo ruwan teku mai tsabta, nesa da magudanar ƙazanta, ko a sayi gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki. Akwati mai cin lita 100 yana buƙatar wajen kilo 3.5. Ana auna ƙarfin gishirin da wani ɗan ma'auni mai suna haidiromita, kuma abin da ake nema shi ne ya nuna tsakanin 1.023 da 1.026. Zafin da ya dace da kifayen yankuna masu ɗumi shi ne digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas.

Ga wani abin lura: in ruwan akwati ya ragu saboda zafi, ruwan ne kawai ya tashi, gishirin yana nan. Don haka da ruwan da ba gishiri ake cike gurbin. Wanda ya cike da ruwan gishiri, kullum ƙara wa kifinsa nauyi yake yi bai sani ba.

Sai iska. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi ba. Wata mata mai suna Anna Thynne ta gano muhimmancin wannan tun da daɗewa. A 1846 ta ɗebo wasu ƙananan halittun murjani daga gaɓar garin Torquay ta kai su gidanta a Landan. Dabarar da ta raya su da ita har tsawon shekaru ita ce a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar mai shayi yana fifita shayi, don iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. A yau ɗan injin hura iska ne ke yin aikin da hannu ya yi a gidan Anna, kuma in wuta ta ɗauke na sa'o'i ba tare da batir ba, kifayen na iya shaƙewa.

Daga bakin teku zuwa gida

Mai kamu yana zuwa da bokiti mai murfi, da injin iska mai batir, da ma'aunin zafi da na gishiri. Kafin komai yakan auna ruwan wurin da ya yi kamun ya rubuta, domin wannan awo shi ne zai gaya masa nisan da ke tsakanin tsohon gida da sabo. Yakan ɗauki kifi kaɗan a ruwa mai yawa, ya ajiye bokitin a inuwa, kuma ba ya ba su abinci a hanya, don abinci yana ƙara ƙazanta. Ba ya kama kifi da busasshen hannu, saboda yauƙin da ke jikin kifi shi ne garkuwarsa daga cuta.

Yakan kuma tsaya a ruwa marar zurfi. Yawancin kifaye suna da wata jakar iska a ciki wadda ke taimaka musu tsayuwa a ruwa. In aka fizgo kifi daga zurfi da sauri, iskar jakar takan kumbura ta ji masa ciwo a ciki.

Ɗigo-ɗigo

Da an iso gida sai a rage hasken ɗaki. Matakin farko shi ne daidaita zafi. In kifin yana cikin leda, a ɗora ledar a ɗaure a saman ruwan akwati na minti 15 zuwa 20. In bambancin yana da yawa, kamar na marayun nan da ake kamowa daga ruwan da ya fara sanyi, ba a rufe gibin a rana ɗaya. Ana fara saita akwatin ya yi daidai da ruwan da suka fito, sannan a riƙa ɗaga zafin da kamar digiri ɗaya a kowace rana.

Mataki na biyu shi ne wanda ya yi kama da ƙarin ruwa a asibiti. A ajiye bokitin kifi a ƙasa, a jawo siririyar roba daga akwati zuwa cikinsa, a ƙulla ta yadda ruwa zai riƙa sauka ɗigo biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. In ruwan bokitin ya ninka, a zubar da rabi a ci gaba. Cikin kamar sa'a ɗaya ruwan bokitin zai koma kusan irin na akwatin, kuma jikin kifin ya bi canjin a hankali. A sake aunawa. In awon biyu ya zo ɗaya, a ɗauke kifin shi kaɗai a saka shi. Ruwan bokitin ba ya shiga akwati. Zubar da shi ake yi.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ɗalibin kimiyya ya fahimta. In kifi ya kwana ɗaya ko fiye a cikin leda a ɗaure, iskar da yake fitarwa tana sa ruwan ya yi tsami, kuma tsamin yana danne gubar amoniyar da ta taru. Da an buɗe ledar tsamin zai fara raguwa, gubar ta farfaɗo. Irin wannan kifi ba a barin sa ya daɗe a tsohon ruwansa. Gara a shirya masa ruwa mai gishiri daidai da na ledar a mayar da shi da wuri. Doguwar hanyar ɗigo ta fi dacewa da kifin da tafiyarsa gajeriya ce.

Killacewa

Kifin da aka kamo daga teku kusan kullum yana tafe da 'yan rakiya: tsutsotsi da ƙananan ƙwayoyin cuta da ke maƙale a fatarsa da kafofin numfashinsa. A faɗin teku ba sa yi masa yawa. A akwati kuwa, inda babu wurin gudu, sukan hayayyafa su koma kansa. Wadda aka fi tsoro ita ce cutar farin ɗigo, mai sa jikin kifi ya yi kamar an yayyafa masa gishiri. Ƙwayar takan sauka daga jikinsa ta kwanta a ƙasan akwati, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa, sannan su taso neman kifi.

Saboda haka sabon kifi ba ya shiga cikin tsofaffi kai tsaye. Ana ajiye shi a wani ƙaramin akwati na daban tsawon makonni huɗu zuwa shida, da guntayen bututun roba da zai riƙa ɓuya a ciki. Kullum a duba shi: yana haki? Yana goga jikinsa a jikin abubuwa? Ya ƙi fitowa? In cuta ta bayyana, a nan ake maganinta. Wasu magungunan suna ɗauke da sinadarin tagulla, wanda ke kashe jatan lande da kaguwa da murjani, don haka ba a zuba su a babban akwati. Rigakafi dai ya fi magani.

Ranar da ya fara ci

Kifin teku bai taɓa ganin abincin gwangwani ba, kuma bai san cewa abin da ke yawo a saman ruwa abinci ba ne. A kwana ɗaya ko biyun farko yakan ƙi cin komai. Masu kiwo sukan fara masa da abin da ya sani: ƙananan halittun ruwa masu motsi, ko a fasa masa ƙumbar teku a ajiye a ƙasa ya riƙa tsattsaga. In ya fara ci sai a riƙa cakuɗa masa da daskararren abinci, daga baya a kai ga busasshe. Kaɗan-kaɗan ake bayarwa, kuma abin da ya rage a kwashe kafin ya ruɓe. A wurin masu wannan harka, ranar da baƙo ya fito fili ya karɓi abinci ita ce ranar da ake cewa ya fara zama ɗan gida.

Akwai kifayen da ba sa taɓa sabawa. Wasu ba sa cin komai sai naman murjani mai rai, don haka a akwati yunwa ce ajalinsu. Wasu kuma ana kamo su kamar ɗan yatsa, amma girmansu na gaba ya wuce mita guda. Dole mutum ya san sunan kifi da halinsa kafin ya ɗaga shi daga ruwa. Wanda bai gane ba, ya bar shi inda ya gan shi.

Doka da amana

Teku ba dajin da ba mai shi ba ne. A jihar Fulorida sai da lasisi ake irin wannan kamu, kuma an ƙayyade wa mutum halittu 20 a rana, ba fiye da 5 daga jinsi ɗaya ba. A Bahar Maliya, yankin murjani na Sanganeb da ke kusa da Port Sudan wuri ne da aka keɓe, kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A Najeriya, dokar kamun kifin teku ta 1992 ta haramta amfani da guba ko abin fashewa. A wasu sassan Filifin da Indunusiya masu kamu sun daɗe suna fesa gubar sayanayid don sumar da kifi, abin da ke kashe murjani ya kuma bar kifin da ciwon da zai ƙarasa shi daga baya.

Amana ta biyu ita ce kada a mayar da kifin akwati cikin teku, musamman wanda ya zauna da kifayen wasu ƙasashe, ko wanda shi kansa baƙo ne a wurin. Ga misali. Kifin zaki, mai dogayen ƙayoyi masu dafi, asalinsa Tekun Indiya da Fasifik ne. A 1985 aka fara ganin sa a gaɓar Fulorida, kuma masana sun fi danganta zuwansa da masu kiwo da suka sake shi. Da yake ba shi da abokan gaba a can, sai ya bazu har tsibiran Karebiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin. Har yau ana fama da shi.

Ina ruwan ɗalibin da ke nesa da teku?

Da yawanku ba su taɓa ganin teku ba, kuma kiwon kifin ruwan gishiri yana da tsada, ga shi yana son wutar da ba ta yankewa. Amma ilimin bai tsaya a bakin teku ba. Duk wanda ke kiwon tarwaɗa ko karfasa a bayan gida yana fuskantar wannan matsala ranar da ya sayo 'ya'yan kifi. In ya juye su kai tsaye daga jarkar da ta sha rana zuwa kwatami mai sanyi, zai iya wayar gari ya tarar da su birjik a saman ruwa, ya hau zargin mai sayarwa. Abin da ya kamata shi ne ya kawo su da sassafe ko da yamma, ya ɗora mazubin a kan ruwan kwatamin na ɗan lokaci, ya riƙa ɗebo ruwan kwatamin kaɗan-kaɗan yana zubawa a ciki, sannan ya karkata shi su fita da kansu. Sannu ba ta hana zuwa.

Waɗanda ke zaune a Legas kuwa suna da babban misali a kusa da su. Ruwan tafkin Legas yana tsinkewa da damina, ya ƙara gishiri da rani, kuma akwai wani nau'in karfasa mai baƙin haɓa da ke rayuwa a cikinsa duk shekara, domin canjin yana zuwa masa ne a hankali, cikin makonni. Mai son zurfafa karatu a wannan fanni ya sani akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas, wadda aka kafa a 1975, da ta binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa ta Jihar Neja.

Gwada da kanka

Ka yanka dankalin Turawa sala uku masu tsawo ɗaya, ka auna su da rula. Ka samu kofi uku. Na farko ka zuba ruwa zalla. Na biyu ka zuba ruwan da aka narka giram 10 na gishiri a lita ɗaya, kusan ƙarfin gishirin jinin kifi ke nan. Na uku ka zuba ruwan da aka narka giram 35 a lita ɗaya, irin na teku. In babu sikeli, ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar wajen giram 6. Ka saka sala ɗaya a kowane kofi, ka bar su sa'a biyu, sannan ka sake aunawa ka kuma lanƙwasa kowanne ka ji. Ka rubuta abin da ka gani, ka kai wa malamin bayoloji, ku tattauna a aji kan wannan tambaya: wanne daga cikin salar nan uku ne ya nuna abin da zai faru da karfasar kogi in aka jefa ta cikin teku?